Kafin Ka Ɗaura Wa Inji Baki: Nasiha Ga Masu Koyon Sassaƙa A Adjamé Da Treichville

Ƙanena mai koyon aikin katako, maganata da kai yau a kan wani ɗan ƙarfe ce da tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba. Injin sassaƙa mai kwamfuta, wanda kowa ke kira CNC, ya samu wurin zama a Abidjan. Da shi ake fitar da furanni a jikin ƙofa da kan gado, da shi ake huda allunan ado na falo, da shi ake yanka haruffan da ke saman shaguna. Yaro zai raba dare yana koyon zane a ArtCAM ko Aspire, ya haddace maɓallan inji kamar karatun allo, amma ka zube masa bakunan inji biyar a tafin hannu ka ce ya ware na yanka daga na sassaƙa, sai ka ga ya fara sosa ƙeya. Alhali duk girman injin nan da tsadarsa, babu abin da ke taɓa katako a jikinsa sai wannan baki. Zane ya yi kyau, inji ya yi lafiya, in baki bai dace ba aikin ya tashi a banza.

Hausawa ba baƙi ba ne a harkar kayan sassaƙa a wannan gari. Wani Ba'amurke, Christopher Steiner, ya zauna da dillalan kayan sassaƙa na Abidjan, har ya fitar da littafi a kansu a 1994 mai suna African Art in Transit, kuma Hausawa na cikin manyan mutanen da ya yi magana a kansu, daga kasuwar Plateau zuwa ɗakunan ajiyarsu na Treichville. Waɗannan dattawa ba su suke sassaƙa ba. Jarinsu ido ne: mutum ya ɗaga gunki ya juya shi sau biyu, ya gaya maka irin itacen da irin hannun da ya yi shi. Kai yanzu inji ne a gabanka, amma idon nan shi ake nema a wurinka, sai dai a kan ƙarfe za ka fara sa shi.

Fara da tsinin baki. Ɗaga shi wajen haske ka dubi ƙarshensa. In a shafe yake, baki ne na yanka: shi ke raba allo, shi ke haƙa rami mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, shi ke fitar da gefen aiki a tsaye cir. In ƙarshen a dunƙule yake, zagayayye, na sassaƙa ne: shi ke hawa tudu ya gangara kwari a jikin fure ko ganye ba tare da ya bar matakala ba. In kuwa ya tsuke ya zama tsini mai kusurwa, wannan na rubutu ne da zanen layi. Akwai na huɗu da ya kamata ka sani, mai kauri daga sama yana sirancewa har ya ƙare da ɗan mitsitsin dunƙule. Shi ne gwanin ƙananan ado, domin kaurin jikinsa na hana shi karyewa yayin da tsininsa ke shiga lungun da babban baki ba ya shiga. A jikin robarsa za ka ga an rubuta R0.5 ko R1. Lambar nan rabin faɗin dunƙulen ce, wato R1 faɗinsa milimita 2.

Ka kuma yi hattara a kanti. A bakin mutane da yawa, da bakin huda na diril da bakin CNC duk mèche ne, kuma mai kantin ƙarafa a Adjamé da ke sayar da kwaɗo da ƙusa da fenti ba lalle ya damu da bambancin ba. Ka ce masa fraise kake so, sannan ka duba da idonka. Bakin diril a tsininsa kawai yake ci, an yi shi ya nutsa ya fito. Bakin CNC da gefensa yake ci yana tafiya. Ka ɗaura na diril ka tura shi gefe, ƙarar da za ka ji ita ce ta ƙarshe.

Bayan tsini sai murɗi, kuma a nan ne yawancin masu koyo ke faɗuwa, don bakuna biyu za su yi kama kamar an tsaga kara, aikinsu kuwa kishiyar juna. Ga dabara mai sauƙi. Ajiye bakin diril na yau da kullum a aljihunka. In ka ɗauki bakin CNC, jera su a tsaye. In murɗinsu ya bi hanya ɗaya, yana hawa ta dama, to wannan mai jan ɓarɓashi sama ne. In ya saɓa, mai danna ɓarɓashi ƙasa ne.

Mai ja sama yana share ramin da yake yi, ba ya ɗaukar zafi sosai, yana da sauri. Aibinsa shi ne yadda yake ɗaga ɓarɓashi haka yake ɗaga fatar allon. Sa shi a kan contreplaqué mai siririyar fuska ka gani: layin yankan zai fito da gashi-gashi, wani wurin ma fatar ta ɓalle ta bar farin tabo, kuma ba samfefar da za ta mayar da abin da ya riga ya ɓalle. Yana kuma ƙoƙarin ɗaga allon daga tebur, don haka in ba ka ɗaure shi da kyau ba, ƙaramin yanki zai yi tsalle. Mai dannawa ƙasa yana barin fuskar sama sumul, yana kuma danne allon. Sai dai duk ɓarɓashin a cikin ramin yake cusa shi. Kada ka nutsa shi kai tsaye kamar mai huda, ka sa ya shiga a karkace, yana tafiya yana nutsewa. Kada kuma ka yi rami mai zurfi ƙwarai da shi, domin garin da ya cushe yana gugar ƙarfe mai juyi dubu goma sha takwas a minti, kuma daga nan ne wuta ke tashi.

Na uku shi ne mai haɗe biyun: ɗan ƙasansa yana ja sama, sauran jikinsa yana dannawa ƙasa, sai ya matse allon daga fuska biyu. An yi shi ne don allo mai fata sama da ƙasa, irin melamin da ake kabad da kicin da shi. Ya fi sauran tsada, kuma akan ga wanda ya saya yana zagin mai kanti wai an cuce shi. Ba a cuce shi ba. Sharaɗin wannan baki shi ne nutsewar farko ta wuce ɗan sashen da ke ja sama. In sashen milimita 5 ne kai kuma ka nutsa 3, ka sayi baki mai tsada ka mayar da shi mai ja sama na banza.

Yanzu dubi abin da za ka yanka, don baki ba ya zaɓuwa sai an san katako. Samba fari ne mara nauyi, mai laushi. Mutum zai ɗauka kowane baki ya ishe shi, alhali shi ya fi kowa tona asirin baki mara kaifi, don maimakon ya yanku sai ya yi gashi. Fraké da framiré ba su da rigima sosai. Iroko kuwa, wanda masu kuɗi ke so a ƙofa, yakan ɓoye dunƙulen farar ƙasa mai tauri a cikinsa, baki na cikin tafiya lafiya sai ya ci karo da dutse. Teck da makoré suna da wani yashi a cikin namansu da ke cinye kaifi da wuri. Allon MDF ba shi da jijiya, yana karɓar sassaƙa da kyau, amma gam ɗin da aka haɗa shi da shi yana dasashe baki fiye da yadda laushinsa ke nunawa. Shi ya sa nake ba ka shawara ka ware bakin MDF daban, ka ɗaura masa alama, kada ka kai shi kan itacen kirki. Plexi na masu haruffa yana son baki mai haƙori ɗaya da faffaɗan kwari; in ka sa mai haƙora da yawa, robar za ta narke ta naɗe bakin. Allon Alucobond na fuskar shaguna kuma, in za a naɗe shi, da baki mai kusurwa ake tsaga bayansa a bar fatar gaba.

Kada ka raina maganar katako. An kiyasta cewa dajin Kodebuwa ya kai wajen hekta miliyan 16 a ƙarnin da ya wuce. Ƙidayar da gwamnati ta fitar a 2021 ta nuna bai kai miliyan 3 ba. Katakon iroko mai faɗi da ya bushe da kyau ba abin da za ka ɓata ka aika yaro ya sayo wani ba ne. Tsakanin baki da katako, baki ne mai araha.

Mu koma kan sassaƙa, inda zaɓen baki ke zama zaɓen farashi. Ba a fara fure da siririn baki. Ana fara sharar fage da shafaffen baki, a ce na milimita 6, ya kwashe yawancin naman a hawa-hawa, ya bar kamar rabin milimita. Sannan a kawo mai dunƙule ya bi layi-layi ya gyara. Tazarar da ke tsakanin layi da layi ita ce komai: in ta yi faɗi, aikin zai fito da kunya-kunya ka kwana kana samfefa, in ta matsu, ya fito sumul amma ya ci lokaci. Abin da aka saba shi ne kusan kashi ɗaya cikin goma na faɗin bakin. To ɗauki biro mu yi lissafi. Allon ƙofa mai faɗin milimita 400 da tsawon 600. Da baki mai faɗin 2, tazara 0.2, layi 2,000 ke nan, kowanne milimita 600: tafiyar mita 1,200. In injin na tafiya mita 3 a minti, minti 400, wato awa shida da minti arba'in, ban da hawa da saukar da ke rage masa gudu. Da baki mai faɗin 6, tazara 0.6, tafiyar ta koma wajen mita 400, awa biyu da 'yan mintoci. Allo ɗaya, zane ɗaya, bambancin ya fi awa huɗu na wutar lantarkin kamfanin CIE da zaman jira. In furen manya ne masu faɗin ganye, babban baki ya wadatar. In mai kaya ya nace sai an ga jijiyar kowane ganye, to ya ji kuɗinsa tun kafin a kunna inji. Na ga samari da yawa suna yanke farashi da ido a bakin ƙofa, sannan su shiga ciki kwamfuta ta gaya musu aikin na kwana biyu ne. Tambayi kwamfuta tukuna, ai tana kiyasta lokaci.

Bakin rubutu ma yana da nasa lissafin, kuma ba shi da wuya. Mai kusurwa 90, faɗin abin da ya buɗe ninki biyu ne na zurfinsa: harafi mai kaurin milimita 20 zai nutsa 10. Mai kusurwa 60, wannan harafin zai nutsa sama da 17, kuma in allonka na 18 ne, saura ƙiris ka leƙa tebur. Don haka manyan haruffa na 90 ne, ƙananan rubutu da ke buƙatar zurfi don su fito a ido na 60 ne ko ƙasa da haka. Wannan baki ne ke yi wa rubutun Larabci adalci, domin yana nutsewa inda alƙalami ya yi kauri, ya taso inda ya sirance, har wutsiyar harafi ta ƙare da tsini. In aikin ƙofar masallaci ko mumbari aka kawo maka, buga rubutun a takarda ka kai wa malami ya duba kafin ka kunna inji. Wasu manhajojin suna warware haruffan Larabci ko su juya su, inji kuwa bai san aya ba, abin da aka ba shi zai sassaƙa.

Akwai abin da kowane baki mai zagaye ba zai taɓa yi maka ba: lungu na ciki mai kusurwa tsaf. Dole ya bar ɗan zagaye daidai rabin faɗinsa. Ko ka gyara da cizal, ko ka sa manhaja ta ɗan ciza lungun. Kada ka jefar da kayan hannu don an kawo inji.

Sai ƙotar baki, wato sashen da ke shiga cikin mariƙin da ake kira pince. Yawancin injinan da ke shigowa ta tashar jirgin ruwa daga ƙasar Sin suke, da dama daga birnin Jinan, irin 1325 mai tebur milimita 1,300 da 2,500, daidai ɗaukar allo mai 1,220 da 2,440. Bakuna kuwa daga ko'ina suke zuwa, wasu da awon milimita, wasu da awon inci. Sai ka samu na 6 da na 6.35 a akwati ɗaya, na 12 da na 12.7, na 3 da na 3.175. Ido ba ya raba su. Sayi ma'aunin pied à coulisse ko da za ka rage kuɗin attiéké na mako guda, ka auna kowane baki ranar da ya shigo hannunka. Kada ka taɓa tura ƙota mai 6.35 cikin mariƙin 6 da ƙarfi. Ka lalata mariƙin, kuma lalataccen mariƙi yana sa baki rawa, rawa kuma ita ke karya baki. Haka in ka gaya wa kwamfuta 6 alhali 6.35 ka ɗaura, duk ramin da ka yi zai fi awo, haɗin ya yi sako-sako. Ka san mariƙin injinka: ER11 ba ya wuce milimita 7, ER20 yana kaiwa 13. Ka fara danna mariƙin cikin noti har ya ce ƙas, sannan ka sa baki, sannan ka ɗaura. Kuma ka riƙa goge shi, don damshin bakin ruwan Abidjan ba ya barin ƙarfe. Tsatsa ko ɗan ɓarɓashi ɗaya a ciki ya isa ya karkatar da baki.

Lambobi uku da kan zo a jikin roba, kamar 6, 22, 50, yawanci faɗi ne da tsawon kaifi da tsawon baki duka. Samari na son mai dogon kaifi, wai zai yi kowane aiki. A'a. In tsawon abin da ya leƙo daga mariƙi ya ninka biyu, lanƙwasarsa ta ninka takwas. Allon 18 bakin 22 yake so, ba na 42 ba. Ɗauki mafi gajarta da mafi kauri da aikin zai yarda da shi.

Game da ƙarfen kansa: bakin kirki na karbaid ne, haɗin da wani Bajamushe, Karl Schröter, ya samar a kamfanin Osram a 1923, kamfanin Krupp kuma ya fitar da shi kasuwa da sunan Widia. Yana riƙe kaifi fiye da ƙarfen yau da kullum nesa ba kusa ba, amma ba ya lanƙwasa, fashewa yake yi. Ya faɗo daga tebur kan siminti, haƙorinsa ya tafi. Kowanne ya zauna a robarsa, kada ka tara su a gwangwanin madara suna karo da juna. In kana shakka a kasuwa, auna shi a tafin hannu: karbaid ya kusa ninka ƙarfe nauyi, kuma maganaɗisu ba ya kama shi da ƙarfi yadda yake cafke ƙarfe. Launin zinariya ko shuɗi a jikinsa kada ya ruɗe ka. Ban hana ka sayen masu araha ba. Da su ake koyo, a kan ragowar MDF, inda in sun karye ba wanda zai yi kuka. Amma ranar da iroko na mutane ke kan tebur, fito da na kirki.

Ga abin da na fi so ka riƙe, don shi ne ya saɓa wa abin da zuciya ke raya wa mai koyo. Tsoro yana sa ka rage tafiyar inji, kana ganin lallaɓawa kake yi. Ƙona bakin kake yi. Kowane haƙori yana bukatar ya ciji rabonsa, kuma ɓarɓashin da ya fita shi ke tafiya da zafi. In juyi ya yi yawa tafiya ta yi kaɗan, bakin ba ya yanka, guga yake yi. Lissafin: juyi sau yawan haƙora sau kaurin cizo. Juyi 18,000, haƙora 2, cizon milimita 0.1, ya ba ka milimita 3,600 a minti. In injinka ba zai iya wannan gudun ba, rage juyi ko ka sa baki mai haƙori ɗaya. Tsayar da inji ka damƙi abin da ya zubo ka murza a yatsu. In ya yi kamar tsakin masara, kana kan hanya. In gari ne laushi mai ɗumi, ga ƙauri, ga baƙin layi a gefen yanka, ga tsinin baki ya fara sauya launi, to ƙara tafiya. In kuma inji na gurnani yana kakkarwa, ka cika masa baki; rage zurfi. A itace mai tauri, fara da nutsewar rabin faɗin bakin, ka ƙara a hankali.

Ƙurar nan kuma ba abin wasa ba ce. Tun 1995 hukumar binciken kansa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke jawo kansa, ta iroko da makoré kuma an san su da tayar da asma da ƙaiƙayin fata. Sa takunkumi na gaske da tabarau, naɗe hannun riga, cire carbi da duk abin da ke lilo. In an kira salla ko abinci ya iso, danna tsayawa. Kada ka bar inji yana cin MDF shi kaɗai a shago cike da garin katako.

In yau za ka fara tara naka, ba ka bukatar akwatin nan mai baki talatin da ake tallarsa a waya. Rabinsu za su yi tsatsa ba ka taɓa su ba. Shafaffe na 6 mai ja sama guda biyu, don ɗaya zai karye. Na 6 mai dannawa ƙasa. Mai dunƙule na 6. Mai sirancewa R1. Na rubutu 90 da 60. Mai haƙori ɗaya in kuna aikin plexi. Da faffaɗan nan na share fuskar tebur. Sauran, aiki ne zai gaya maka ranar sayensu.

Sannan ka roƙi maigidanka ragowar katako, samba da fraké da iroko da contreplaqué, ka nemi izinin awa ɗaya bayan an tashi. Ja layi ɗaya a kan kowanne da kowane baki, ka rubuta juyi da tafiya da zurfi da fensir a gefen layin, ka rataye allunan kusa da inji. In ya ga kana haka, da wuya ya hana ka. In ka iya, koya wa na bayanka, kada ka ɓoye masa lambobin.